Maraƙin da Ya Yi Jinya a Ɗakin Ishaya

Ban taɓa mantawa da ranar da na fara karɓar haihuwar saniya ni kaɗai ba. Ba don na yi abin kirki nake tuna ta ba, sai don abin da na gani da idona na kama bakina. Kun sha jin ina yi muku faɗa a kan kwalbar aidin, har labari ya iso mini cewa a bayan idona Baba Aidin kuke ce mini. Na ji, kuma ban ƙi sunan ba. Yau dai ku ba ni aron kunnuwanku in gaya muku inda na samo shi.

Wajen ƙarshen shekarun 1970 ne, muna cikin Jihar Kaduna, ba a yanke Katsina ba tukuna. An turo ni yankin Malumfashi ina ƙaramin malamin dabbobi, shekarata ɗaya da fitowa daga horo. Ga yadda tsarin yake a lokacin. Likita yana Funtua, sai sau ɗaya a wata muke ganin ƙurar motarsa. Ƙarƙashinsa akwai babban malami, shi ke riƙe da makullin ɗakin magani, shi ke cewa a yi ko a bari. Sannan mu ƙanana, masu allura da wankin miki da dandaƙa da ɗura maganin tsutsa. Babban malaminmu Malam Iro ne, dogo, mai ƙarancin magana. Idan ya kalle ka ta saman tabarau, kai da kanka za ka fara lissafa laifuffukanka.

Shekarun nan auduga na da daraja, kowane manomi burinsa ya mallaki shanun huɗa. Sai ga mutanen da kakanninsu ba su taɓa kiwon abin da ya fi akuya ba sun fara ɗaure saniya a gida. Ɗaya daga cikinsu shi ne Baba Nomau, dattijon coci a wani ƙauye kudu da gari, tafiyar rabin awa a babur. Shi da matarsa Mama Saratu kawai ke gidan. 'Yarsu na aure a wajen Matazu. Ɗansu namiji ɗaya, Ishaya, ya tafi Kaduna aikin masaƙa shekara huɗu kafin nan. Ya ce bayansa ba zai tanƙware a kan garmar hannu ba kamar na ubansa. Ran da zai tafi, da Baba ya matsa masa, sai ya ce, "Ran da aka ɗaure shanu biyu na huɗa a gidan nan, a aiko mini."

Wataƙila yaron ya faɗa ne don a sake shi ya tafi. Baba kuwa ya riƙe maganar kamar alkawarin da aka yi a gaban alƙali. Ya tara kuɗin audugarsa ya sayi garmar shanu, ya jingine ta a zaure yana shafa mata baƙin mai. Ya sake tarawa ya sayi saniya wurin Fulani, da ɗan maraƙinta namiji a gindi. Sa ɗaya ke nan. Saura ɗaya, shi ne wanda ke cikinta.

Wata Litinin a ƙarshen bazara, maƙwabcinsa ya zo ofis a kan keke, ya ce saniya na naƙuda tun safe, abu ya ƙi. Malam Iro ya tafi kasuwar shanu, sai na ɗauki jaka na hau babur. Na tarar da ita a turkenta, a kan tudun taki da ya kusa kai mini gwiwa. Kun san manomi da taki. Duk rani ba ya kwashe ko cokali, yana barin dabba ta taka, ta yi fitsari, ya ƙara zuba kara, har sai an kusa shuka ya kai gona a mangala. A wurinsa wannan tudun dukiya ce. Ga shi an yi ruwan farko kwana ɗaya kafin nan, wurin ya yi caɓa-caɓa yana tururi. Saniyar Bafulatani a kan ciyawa take haihuwa, gobe an matsa gaba. Ta Baba Nomau a kan takin wata shida za ta haihu.

Na wanke hannu na zura, na ji ƙafar gaba ɗaya ta lanƙwashe baya. Na tura ɗan ciki, na kamo kofaton a tafin hannuna, na miƙe shi. Kafin azahar sai ga maraƙi ya faɗo, fari, namiji. Baba ya cire hula ya durƙusa a cikin caɓin nan yana godiya ga Ubangiji. Ni kuma kaina ya yi girma, ji nake ko Likita sai haka. Na laluba jaka, babu kwalbar aidin, na baro ta a kan teburin ofis. Cibiyar na nan ɗanya tana jan ƙasa. Na ce a raina ai za ta bushe.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi ci mini rai. Ina wanke hannu sai na ga Mama Saratu ta ɗaure maraƙin nesa da uwar, ta tsuguna ta tatse nonon farko, mai kauri mai ruwan ɗorawa, wanda muke kira dakashi. Ta cika ƙwarya ta kai bayan danga ta zubar. Na ce, "Mama, da kin bar masa." Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, wannan ai dafi ne. Sai ya tsarkaka, kwana uku. Madarar akuya zan ba shi. Bakwai na haifa, ko ɗaya bai ɗanɗana shi ba." Na san abin da aka koya mini. Na san dakashin nan shi ne garkuwar maraƙi, kuma ranar farko ce kawai cikinsa ke iya karɓar ta. Amma ga tsohuwa sa'ar uwata, ta kawo mini zancen haihuwarta, ni kuwa ko aure ban yi ba. Nauyinta ya kama ni. Na karɓi soyayyar gyaɗar da ta ƙulla mini na hau babur.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, sai ga Baba Nomau a ƙofar ofis, a ƙafa ya zo. Ya gaida Malam Iro, ya zauna a ƙasa duk da an ba shi benci, ya ce, "Malam, ɗan nan ya daina kama nono. Kuma ya ƙi tsayuwa."

Na goya Malam Iro da Baba a babur muka tafi. Maraƙin na kwance a kan takin, kunnuwa sun saki, hanci ya bushe. Cibiyar ta kumbura kamar lemo, da zafi, tana ɗigar mugunya mai wari. Mama ta ce kullum tana yi masa gashi da kasko mai ɗumi, yadda ake yi wa jariri. Malam Iro ya tsuguna ya danna kumburin a hankali. Ku riƙe wannan: idan ka danna ya koma ciki, hanji ne ya leƙo, kada ka kusance shi da wuƙa. Idan ya tsaya da tauri, dabba ta zabura, ƙurji ne. Wannan bai koma ba. Ya sa ma'aunin zafi, ya duba, ya girgiza kai. Sannan ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar dama ta gaba ta cika tam, gaɓar ƙafar baya ta hagu ita ma ta fara.

Baba ya ce, "Ciwon a cibi yake, me ya kai shi ƙafa?"

Malam Iro ya ce, "Baba, cibiya ƙofa ce. Ta nan yake ci yana cikin uwa, hanyar har hanta take. Idan ba ta rufe da tsabta ba, ƙazanta ta bi jini, inda take samun masauki kuwa gaɓoɓi ne."

Wani maƙwabci ya ce a kira mai lalas ya ɗora wa gwiwar ƙarfe mai zafi. Malam Iro ya ce wuta a fata take tsayawa, ciwon kuwa yana can ciki. Daga nan ya yafito ni bayan rumbu, inda ba mai ji.

Ya ce, "Ka sa aidin?"

Na ce, "Ban sa ba, ranka ya daɗe."

"Ya sha dakashi?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Sani. Kana wurin aka zubar?" Na ce ina wurin. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

A ƙa'idar aikinmu a lokacin, maraƙin da ciwo ya kama masa gaɓa fiye da ɗaya shawarar yanka ake bayarwa, domin ko ya rayu da wuya ya yi aiki. Malam Iro ya gaya wa Baba haka, bai ɓoye masa ba. Baba ya daɗe yana kallon garmar nan da ke jingine a zaure, sannan ya ce, "Malam, ba nama nake nema ba. Ɗana nake nema."

Malam Iro ya cire tabarau ya goge. Ya ce to, za a gwada, amma da sharaɗi uku. Allurar penisilin kullum har mako uku, ba fashi ko na yini ɗaya, ko da an ga ya tashi yana tsalle. A riƙa ɗaga shi a kai shi ga nono, a juya masa kwanciya. Na uku, a raba shi da taki, a sa shi wuri busasshe wanda ruwa ba ya shiga. Ya juyo gare ni ya ce, "Allurar kai za ka yi, bayan an tashi ofis. Maganar dakashi kuma kai za ka gaya wa tsohuwa, da bakinka."

Sharaɗi na uku shi ya zama aiki. Damina ta kama. Zaure na yoyo, ga awaki. Ɗakin tsofaffin na ciyawa ne, shi ma sai an tara kwano. Ɗaki ɗaya ne a gidan mai rufin kwano da daɓen siminti, na Ishaya. Baba ya rufa shi ne don ranar dawowarsa. Duk Asabar Mama na buɗewa ta share, ta kakkaɓe gado, ta mayar da kwaɗo. Da na ambaci ɗakin sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Dabba a ɗakin ɗana? Ya dawo ya kwana ina?"

Na yi allurar farko, na wanke sirinji, na rasa ta inda zan fara. Tana bakin murhu tana tsince wake. Na tsuguna nesa kaɗan na ce, "Mama, akwai laifin da na yi miki. Ran nan da kika zubar da dakashi, na san ba dafi ba ne, na yi shiru. Shi ne maganin farko da Allah ya ajiye wa ɗa a jikin uwarsa. Da ya sha, da na sa masa magani a cibi, da wataƙila ba mu zo nan ba. Laifin nawa ne, ni aka koya wa."

Ta daina tsintar waken. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Na mutum ma haka yake?"

Sai a lokacin na tuna ta ce bakwai ta haifa, ni kuwa biyu na sani. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Mama, ni malamin dabbobi ne." Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta gane amsar, ni ma na san ta gane.

Washegari da na zo, na tarar an fitar da gadon Ishaya an jingine a zaure kusa da garma. An shimfiɗa busasshiyar ciyawa a daɓe, maraƙin na kwance a kai, an lulluɓa masa tsohon zane. Ba wanda ya yi mini bayani, ni ma ban tambaya ba.

Haka muka shiga jinya. Ƙarfe uku da rabi in tashi ofis, in tafasa sirinjin gilashi da allurai a kan risho, in naɗe a tsumma mai tsabta, in kama hanya. Yau in soka a cinyar dama, gobe ta hagu, don kada nama ya yi tauri. A rana ta huɗu ƙurjin cibiyar ya nuna, Malam Iro ya zo ya tsaga ta ƙasa, mugunya ta zubo, muka wanke ramin da ruwan gishiri da aidin. Gwiwar kuwa ya hana a taɓa ta da wuƙa, ya ce gaɓa ba ƙurji ba ce. Mama ke canza ciyawa safe da yamma. Baba ke tallabar maraƙin a ƙirji ya kai shi gindin uwar, ya riƙe shi har ya ƙoshi.

A rana ta takwas ya miƙe da kansa, yana rawar ƙafa. Baba ya ce, "Malam Sani, ai ya warke, a bar huda shi haka." Na ce, "Baba, sau ɗaya na ji nauyin mutanen gidan nan, kun ga inda ya kai mu. Saura kwana goma sha uku." Ya yi dariya har da tari, ya ce yaro ya yi baki. Wata rana rafin da ke hanya ya kawo, na bar babur a wani gida, na ɗora jaka a ka na tsallaka, ruwa har ƙugu.

Ina kewar yammacin nan, ba zan ɓoye muku ba. Duk ran da na iso, kafin in nema, Mama ta ajiye mini buta da tabarma a gindin ɗorawa, ta daidaita ta gabas. Su Kirista ne, amma ba ta taɓa bari la'asar ta wuce ni ba. In na idar, ga kunun tsamiya a ƙwarya. Baba ya zauna yana ba ni labarin Ishaya, yadda yake da zuciya tun yana ƙarami, yadda ya iya waƙa a coci, yadda in ya yi fushi ba ya cin tuwo. Kullum labarin ɗaya ne, kullum kamar yau ya fara ba da shi. Na zauna gidaje da yawa a aikin nan, ban sake samun inda aka riƙe ni kamar can ba.

Da mako uku ya cika, cibiya ta bushe, ƙafar baya ta saɓe sarai. Gwiwar dama ce ta ƙi komawa daidai. Ba zafi, ba ciwo, amma ta yi kauri, kuma yana ɗan ɗingisa ta. Malam Iro ya duba ya ce haka za ta zauna, ko zai ja garma sai Allah. Baba ya ce in rubuta masa wasiƙa, don idonsa ya yi rauni. Ya ce, "Rubuta: shanu sun cika biyu. Uwarka na gaishe ka." Na ce, "Gwiwar fa?" Ya ce, "In ya zo ya gani." Ni na kai wasiƙar gidan waya da hannuna. Har aka yi mini canji zuwa wajen Dandume a ƙarshen shekarar, amsa ba ta zo ba.

Na yi ta cewa zan koma in gaishe su. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, aiki ya yi yawa. Kullum sai in ce bayan damina.

Sai shekarar da bushiya ta ɓarke, cutar nan da ta kwashe garkunan Fulani a farkon shekarun 1980. Aka haɗa mu ƙungiya-ƙungiya muna bin ƙauyuka muna rigakafi. Ran nan muka kafa shinge a kudu da Malumfashi, shanu na shigowa a layi, ina soka allura ko fuskar masu su ba na kallo. Sai ga wani farin sa, ƙato, ya shigo yana jefa ƙafar dama. Na dubi gwiwar. Hannuna ya tsaya. Na ɗaga kai, ga mutum riƙe da igiya, da goshin Baba Nomau sak.

Na ce, "Kai ne Ishaya."

Ya ce, "Kai ne Malam Sani. Mama ta ce in na ga mai kallon gwiwa kafin ya kalli sa, shi ne."

Na tambayi Baba. Ya ce ya rasu da rani, wata biyu kafin ruwa. Ya ce Baba da kansa ya hori shanun, ya sa musu karkiya suna jan gungume har suka iya. Amma ya ƙi ɗaura musu garma. Damina guda cur shanun na tsaye a turke suna cin harawa, tsoho na huɗa da hannu. Mutane suka yi ta yi masa magana, ya ce kunyar farko da shanun za su huɗa a gona ta Ishaya ce.

Ishaya ya ce, "Wasiƙarka tana cikin akwatina. Kullum ina cewa baɗi. Jana'iza ce ta kawo ni." Ya shafa wuyan san ya ce, "Bana na yi huɗar. Yana ja, Malam. Sai dai kunyoyin ba sa miƙewa sosai, duk sun ɗan karkata dama. Daga nesa za ka gane gonarmu."

Da muka tashi aiki na bi shi gida. Mama ta tsufa, ta kama hannuna ta ƙi saki. Ta ce ran da Ishaya ya fara kwana a ɗakinsa, da safe ya tambaye ta warin maganin me yake ji. Ta kuma gaya mini, a hankali, cewa da 'yarta ta haihu ita ta je wankan jego, kuma ita da kanta ta ɗora jaririn a nono tun ran farko, tsofaffin gidan na ta surutu. Da la'asar ta yi, na waiwaya, ga buta da tabarma a gindin ɗorawa. Wurin da Baba ke zama ne kawai ba kowa.

To, kun ji asalin Baba Aidin. Abin da aikin nan ya koya mini kaɗan ne. Maganin cibiya na minti ɗaya ne a ranar haihuwa: aidin, wuri busasshe, da dakashi. In ka bari ya wuce, mako uku za ka yi kana biya, kuma gwiwa ba za ta koma daidai ba. Girmama babba ba shi ne ka yi shiru kana kallo ba. Ka durƙusa, ka sassauta murya, amma ka faɗa. Kuma duk dabbar da aka kira ku dominta, ku tambayi me ake jira da ita, don sau da yawa ba nama ba ne, ba kuma nono ba.

Har yau in na bi hanyar nan da damina, nakan rage gudu in duba gonaki. Tarakta ta shigo, kunyoyi duk sun miƙe sambal. Ni kuwa masu karkata dama nake nema.